'Yar Aiki, Masu Jinga ko Kamfanin Tsafta: Wa Ya Kamata Ka Ba Aikin Gidanka da Wurin Sana'arka?

Duk wanda ke zaune a Kano, Katsina, Zariya ko Sakkwato ya san abin da hunturu ke yi wa gida. A goge tebur da hantsi, kafin la'asar ana iya rubuta suna a kansa da yatsa. Ƙurar nan ba daga layinku kaɗai take tashi ba, iska ce ke ɗebo ta tun daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa da ragar taga ta kwanta a labule, a fikafikan fanka, a bayan talabijin. Daga Nuwamba har wajen Fabrairu haka ake fama. Damina kuma ta zo da nata: laka a bakin ƙofa, danshi a bango, kwata ta toshe, sauro da kyankyaso su samu wurin zama.

A da ba a tambayar wa zai yi aikin. Gida cike yake da hannuwa, kowace yarinya ta san ɓangaren da za ta share kafin ta karya. Yanzu gidajen sun canza. Mata da yawa na fita aiki ko kasuwanci, yara na boko da safe, Islamiyya da yamma, gidan kuma an yi masa tayil da silin mai ado da kujeru masu shan ƙura da gilasan da tsintsiya ba ta da abin yi musu. Shi ya sa kamfanonin tsafta suka yawaita a Abuja da Kano da Kaduna, suna talla a Instagram da WhatsApp, mutum kuma ya rasa na zaɓa: ya ɗauki 'yar aiki, ya riƙa kiran masu jinga idan buƙata ta taso, ko ya kira kamfani.

Kafin a yi maganar kuɗi, ni a wurina abin da ya kamata a fara rabewa shi ne irin dattin. Akwai na kullum, wanda ake sharewa yau gobe ya dawo: shara, wanke-wanke, banɗaki, goge-goge. Akwai wanda ke taruwa a hankali har ya fi ƙarfin tsumma: maiƙon da ya daskare a bangon kicin, ƙurar da ta shige cikin soson kujera, simintin da magina suka bari a kan tayil. Akwai kuma na uku mai haɗari, wanda kuskure a cikinsa kan kai mutum asibiti ko ma kushewa: feshin ƙwari, kashin ɓera, jini a ɗakin shan magani, kwashe masai. Yawancin asarar da ake yi, an ɗora wa mutum aikin da ba nasa ba ne. A sa yarinya ta wanke kafet ɗin falo da hannu, ko a biya kamfani kuɗi mai yawa kan abin da tsintsiya da mofa za su gama cikin awa ɗaya.

'Yar aiki

Wajen dattin kullum babu kamfanin da zai kamo ƙafar mutumin da ke cikin gidan. Yaro ya zubar da koko ƙarfe bakwai na safe, ba za a jira motar kamfani ranar Laraba ba. 'Yar aikin da ta daɗe ta san inda komai yake, ta san kwanon da Hajiya ba ta so a taɓa, ta san ɗakin maigida ba a shigarsa sai an ce. Kuma mace ce, tana shiga har ƙuryar ɗaki ba tare da an tashi kowa ya nemi mayafi ba. Wannan babban abu ne a gidajenmu, kuma zan sake komawa kansa.

Sai dai mutane kan yi lissafin albashinta kaɗai su ce ai ita ce mafi araha. A haɗa da ci da sha, wurin kwana, magani idan zazzaɓi ya kama ta, ɗinkin Sallah, kuɗin mota idan za ta ganin gida, da kayan aikin da kai za ka riƙa saye, sai ka ga lissafin ya tashi. Sannan ba ta da tabbas. Damina ta faɗi a aiko ta koma gona, ko a sa mata rana, uwargida ta koma neman wata ta fara koyarwa daga farko.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne shekarun waɗanda ake kawowa. Dillaliya ta zo da yarinya 'yar shekara tara ko goma daga ƙauye, ita ke karɓar albashin a ƙarshen wata, yarinyar kuma ita ce ta fara tashi ita ce ƙarshen kwanciya, tana kallon sa'anninta na gidan suna saka kayan makaranta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana a sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Ko an ajiye maganar doka a gefe, yarinyar da ba ta fi bokitin da take ɗauka nauyi sosai ba ba za ta iya tsaftace gida mai ɗaki huɗu ba. Za ta yi iya ƙarfinta, aikin bai fita ba, a yi ta faɗa, wani lokaci har da duka. Haƙƙi ne ake ɗauka a banza, kuma gidan bai tsaftatu ba.

Idan za a ɗauki 'yar aiki, na fi ganin alfanun babbar mace ta cikin unguwa, wadda aka san gidanta da mutanenta, ta zo da safe ta yi awa uku ko huɗu ta koma wurin 'ya'yanta. Kuɗinta na shiga hannunta kai tsaye, an faɗa mata aikinta tun farko, tana da ranar hutu. Irin waɗannan matan, da yawansu zawarawa ne ko masu riƙon marayu, sukan riƙe aiki da daraja domin sun san abin da yake tsare musu. Amma kada a sa ran za ta hau tsani ta goge silin ko ta janye firji ita kaɗai. Wannan ba aikinta ba ne.

Masu jinga

Su ne matasan da ake kira idan biki ya matso, ko za a tare a sabon gida, ko ana saura kwana uku Sallah. A nuna musu aiki, a yi ciniki, su tuɓe riga su kama. Ƙarfi dai akwai shi. Su fitar da kujeru tsakar gida su kakkaɓe, su cire labule, su kwashe yana, su wanke tankin ruwa, su yashe kwatar ƙofar gida. Kafet kuwa a naɗe a ɗora a Keke Napep a kai wurin wankin mota, a buga masa omo da ruwan injin a shanya a kan katanga. A duk hanyoyin uku wannan ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ga share fili, yashe kwata, kwashe tarkacen gini da wankin harabar gida, ban ga dalilin da zai sa a nemi wanda ya fi su ba.

Matsalar tana farawa ne idan aka shigo da su kan abin da ke buƙatar sani. Na ga falon sabon gida da aka shimfiɗa wa mabul mai tsada, magina suka bar ɗigon siminti da fenti, aka kira samari suka zo da asid a jarka suka kwarara. Simintin ya fita, amma ƙyallin dutsen ya tafi tare da shi. Duk inda ruwan ya bi ya bar fari-fari kamar taswira, idan ka shafa da tafin hannu sai ka ji kaushi, kan famfunan banɗaki masu sheƙi kuma suka yi baƙi-baƙi. Mabul da tarazo duwatsu ne da asid ke ci nan take, kuma wanki ba ya dawo da su, sai an kawo injin gurza an sake goge daɓen gaba ɗaya. Ko a kan tayil na gama-gari, asid mai ƙarfi yana cinye abin da aka cike tsakanin tayil da tayil, bayan wata biyu ruwa ya fara shiga ƙasa. Samarin ba mugunta suka yi ba, abin da suka saba gani ana yi ke nan. Amma wa za ka kama? Wanda ka biya kuɗin yini ba shi da abin da zai biya ka daɓen falo.

Haka kafet. Idan mai kauri ne aka naɗo shi bai gama bushewa ba, musamman a watan Agusta, warin da zai yi ba turaren wutan da zai rufe shi. Ga kuma haɗe-haɗen da ake yi don a ce banɗaki ya fita fes: a zuba Hypo ko Jik, a bi shi da Harpic. Wannan haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a banɗaki ƙarami marar taga tana iya kayar da mutum. Duk wanda zai yi maka aiki, ɗan jinga ne ko 'yar aiki ko kai kanka, wannan abu ɗaya a tabbata ya san shi.

Kamfani

Abin da kake saye a wurin kamfanin ƙwarai abu uku ne: kayan aiki, sanin wane magani ya dace da wane wuri, da kuma wanda za ka riƙe idan an yi ɓarna. Suna da injin zuƙe ƙura, da wanda ke fesa ruwan sabulu cikin kujera ko katifa ya sake zuƙe shi tare da dattin, da na goge daɓe, da dogon tsani. Duk wanda ya taɓa leƙa tankin injin wankin kujera bayan an gama da kujera mai zaman mutum uku, ya ga ruwan da ya fito baƙi ƙirin daga abin da ake kakkaɓewa kullum, ya san akwai dattin da hannu ba ya kaiwa. Ga mai asma ko yaron da ke yawan atishawa da dare, wannan bambancin ba na ado ba ne.

To amma kalmar kamfani ta yi araha. Mutum ɗaya da waya da hotunan da ya kwaso a intanet zai iya kiran kansa kamfani, idan ka ba shi aiki ya tattaro samarin nan dai na bakin titi ya sa musu riga iri ɗaya, ya caje ka ninki uku. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana da shafin da kowa zai iya duba suna ya ga ko an yi rajista. Rajista ba ta nufin sun iya aiki, amma tana nufin akwai suna da adireshin da za a bi. Bayan haka ka lura da yadda suke sa farashi. Wanda ya yanka maka kuɗi ta waya don kawai ka ce ɗaki uku da falo, bai tambayi irin daɓen ba, bai tambayi ko da mutane a ciki ko kango ne ba, ko dai zai ƙara kuɗi idan ya zo, ko ya rage aiki. Na kirki yakan zo ya gani, ko aƙalla ya ce a ɗauko masa bidiyon kowane ɗaki, sannan ya rubuto abin da zai yi da abin da ba ya ciki. Ka tambaye shi da me zai cire siminti a kan mabul. Amsar da ya bayar ta ishe ka hukunci.

Akwai abubuwa biyu da tallar ba ta faɗa, wuta da ruwa. Injinan nan duk da lantarki suke aiki, wasunsu kuma suna jan wuta sosai, ƙaramin janareta ko ƙaramar sola ba lallai su ɗauke su ba. Idan aka ɗauke wuta suna tsakar aiki, man wa za a ƙona? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan tambayar ta daina zama ƙarama. Ruwa ma haka. A unguwar da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, wankin gida gaba ɗaya yana iya lashe kura biyu ko uku, kuma idan ba a yi maganar ba tun farko a aljihunka za ta faɗo. A yi ta kafin su zo.

Sai batun shiga gida. Yawancin ma'aikatan da ke ɗaukar injina maza ne, gidajenmu da yawa kuma ba a shiga. Wasu kan kwashe iyali su kai su gidan 'yan'uwa na yini guda, maigida ko ƙaninsa ya tsaya a kan aikin. Wannan yana yi idan wankin shekara ne. Idan kuwa ana son masu zuwa duk mako, to a nemi kamfanin da ke da ma'aikata mata, a kuma sa a yarjejeniya cewa mutanen da aka saba da su za a riƙa turowa, ba kowane zuwa da sabuwar fuska ba. Gwal, kuɗi da takardu a kulle su kafin kowa ya shigo. Ba don ana zargin kowa ba, sai don kada ɗan kunne ya faɗa bayan gado a ɗora wa baiwar Allah satar da ba ta yi ba. An sha yin haka, kuma ko an ga abin daga baya, mutuncin da aka zubar ba ya kwasuwa.

Lokaci ma yana da tasiri. Wankin kujeru da katifu da kafet ya fi kyau a rani, lokacin da iska ke busar da abu cikin 'yan awoyi. Idan so samu ne a bari sai ƙurar hunturu ta lafa, wajen ƙarshen Fabrairu ko Maris, don kada a wanke yau a koma gidan jiya cikin mako guda. Satin Sallah kuwa kowa na nema, farashi na hawa, aiki na zama na gaggawa. A Kano a tuna da Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli da ake taƙaita zirga-zirga da safe, kada a sa musu wannan safiyar.

Feshi ba wurin neman sauƙi ba ne

A nan ba na ganin akwai zaɓi biyu. Mai yawo da tankin feshi a baya yana kiran maganin sauro da kuɗin cizo, ba ka san abin da ya zuba a ciki ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Sau da yawa maganin gona ne irin su Sniper ko ota-fiya-fiya, wanda tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da yake ci. Mafi muni ita ce ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a rumbu ko a buhu. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai guba da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa da saman silin ta shiga ɗakin da ke kusa, kuma ba ta da makari. Wanda ya sa ta a ɗakinsa ya kulle ya tafi, yana iya halaka maƙwabcin da ke barci a ɗakin haya na gaba.

Aikin feshi yana ƙarƙashin majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, wadda ke yi wa jami'an duba-gari da masu wannan sana'a rajista. Ka nemi ganin lasisi. Ka ce a nuna maka kwalbar maganin da lambar NAFDAC a jikinta, a faɗa maka awa nawa za a yi kafin a koma ciki, da abin da za a yi da kwanuka, abinci, kaji da kyanwa. Idan kuɗin cizo ne, duk wanda ya ce feshi ɗaya ya gama ba gaskiya ya faɗa ba, domin ƙwansu na ƙyanƙyashewa bayan mako guda ko fiye, sai an dawo karo na biyu bayan kamar sati biyu. A sa wannan dawowar cikin kuɗin tun farko.

Sito ko gidan da ya daɗe a rufe ɓera ya yi ɓarna a ciki shi ma kada a tura yaro da tsintsiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma a rani ya fi tsananta. Share busasshen kashin yana tayar da ƙurar da za a shaƙa. Jiƙa wurin ake fara yi da ruwan bilic, wato irin su Hypo ko Jik, a sa safar hannu da takunkumi, sannan a kwashe.

Shago, ofis da sauran wuraren sana'a

A wurin sana'a lissafin ya ɗan bambanta, domin datti yana korar ciniki. Amma ba kowane wuri ke buƙatar kwangila ba. Mai shago ɗaya a Kantin Kwari ko Sabon Gari, yaransa na shago sun ishe shi shara da kakkaɓe kaya, abin da zai biya a waje bai wuce kuɗin kwashe shara da yashe kwatar layi da ake haɗawa da maƙwabta ba. Mai sayar da waya a Farm Centre babban abokin gabarsa ƙura ce a cikin gilas, maganinta kuma tsumma mai laushi ne da hannun da ba ya gajiya, ba inji ba.

Inda maganar ke zama ta gaske shi ne ofis mai ma'aikata da yawa, makaranta, asibiti mai zaman kansa, otal, gidan abinci, ko rukunin shaguna mai bene da banɗakin haɗaka. A nan zaɓin shi ne ka ɗauki mai shara naka, ko ka ba kamfani kwangilar wata-wata.

Naka ya fi sauƙin kuɗi a takarda, yana ƙarƙashin idonka, kuma idan ya daɗe yakan zama ɗan gida mai kishin wurin. Rauninsa biyu ne. Ranar da ya kwanta ciwo ko aka yi masa rasuwa, wurin haka zai kwana. Na biyu kuma laifinmu ne masu wurin: a hankali mai shara yakan koma ɗan aike. Sayo kati, karɓo abinci, kai wannan banki, wanke motar oga. Azahar ta yi ba a leƙa banɗaki ba, a kuma ce ba ya aiki.

Kamfani yana magance duka biyun idan na gaske ne. Wani bai zo ba su turo madadinsa, kayan aiki nasu ne, akwai mai zagayowa ya duba, kuma ba ka da hurumin aiken ma'aikacinsu sayen tsire. Amma ka yi lissafi kafin ka yi murna da farashi mai sauƙi. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, wato kusan 2,700 a rana idan ana aikin kwana 26 a wata. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ma'auni ne mai kyau. Idan kamfani ya ce zai ba ka ma'aikaci na cikakken yini, da sabulu da mofa da mai dubawa da ribarsa, duka a kan kuɗin da bai kai wannan ba, to ka san daga cikin wa ake cirewa. Ma'aikacin da ake biya abin da bai kai shi ƙarshen wata ba, ko ake riƙe masa albashi wata biyu, ba zai daɗe ba, kuma kafin ya tafi aikin zai nuna. Ni ina ganin haƙƙinka ne ka tambayi nawa ke isa hannunsa, ka kuma riƙa tambayarsa shi kansa ko an biya shi. A wurinka yake zubar da gumi.

Ka tambayi wa ke da alhaki idan ya faɗo daga tsani yana goge gilashin bene. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF saboda irin wannan ranar, kamfanin da ke yi zai iya nuna maka takarda. Ka tambayi ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin ko sai a rasit zai fito. Ka kuma tambayi inda suke kai sharar. Akwai hukumomin kula da shara, REMASAB a Kano, AEPB a Abuja, kuma idan aka juye sharar ofishinka a kwatar bayan layi, ambulan mai ɗauke da sunanka za a tsinta a ciki, ba na kamfanin ba.

Asibiti da ɗakin gwaji da gidan abinci suna buƙatar ƙarin abu ɗaya, wato horo. Tsumman banɗaki bai kamata ya hau teburin abinci ko gadon majiyyaci ba, shi ya sa masu aikin ƙwarai ke raba tsummoki da bokitai da launi, ja na banɗaki kaɗai. Jini idan ya zuba akwai ma'aunin da ake bi: bilic mai ƙarfin kashi 3.5, irin wanda aka fi samu a kanti, ana haɗa awo ɗaya da awo shida na ruwa, kuma sabo ake haɗawa kullum domin yana rasa ƙarfi idan ya kwana. Ka sa mai neman kwangilar ya yi maka wannan bayanin da bakinsa. Idan ya tsaya inda-inda, ko naka za ka ɗauka ka sa ma'aikaciyar jinya ta koya masa, ya fi.

Masallacin unguwa ma yana cikin wuraren da na ga kiran masu inji yana biyan kuɗinsa. Kafet ɗin da ɗaruruwan goshi ke sauka a kai sau biyar a rana, da ƙafafu masu danshin alwala, shara kaɗai ba ta isar masa. A haɗa kuɗi a wanke shi da inji kafin azumi, matasa kuma su ci gaba da sharar kullum.

To wanne za a ɗauka?

Ga ango da amarya a ɗaki biyu da falo, ko ƙaramin iyali, kwangilar wata-wata ɓarnar kuɗi ce. Hannunku, ko mace mai zuwa sau biyu ko uku a mako, sai a kira masu inji sau ɗaya a shekara saboda kujeru da katifa. Babban gida mai yara da baƙi da tsofaffi yana buƙatar mai zuwa kullum, da kamfani sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina, masu jinga kuma a bar musu harabar gida da kwata. Sabon gini da za a tare, a raba aikin: samari su kwashe tarkace su share, amma daɓe da gilas da banɗaki a ba wanda ya san magani, domin a nan ne kuɗin ginin ya fi nutsewa. Wanda ke zaune a wata ƙasa ko wani gari ya bar gida a kulle, kamfani mai rajista ya fi masa, da sharaɗin wani ɗan'uwa ya buɗe musu ya tsaya har su gama, kada a ba da makulli a bar shi a hannunsu.

Ofishin da bai wuce ɗaki uku ko huɗu ba, mai shara ɗaya na rabin yini ya wadatar, muddin za a bar shi ya yi sharar. Da wuri ya kai girman da rashin zuwan mutum ɗaya zai sa baƙo ya toshe hanci, lokacin kwangila ya yi. A fara da gwajin wata ɗaya ko uku kafin a sa hannu kan shekara, a kuma rubuta cewa kowane ɓangare zai iya janyewa da sanarwar wata guda.

Kowanne ka ɗauka, kada ka biya duka kafin a gama. Kafin alƙalami na sayen kayan aiki ya isa, cikon sai an zagaya tare da rana tsaka, domin aikin da aka duba da fitilar waya bayan magariba kullum kyau yake yi. Tsakiyar falo ba ta nuna komai, kowa na iya sa ta ƙyalli. Ka shafa saman ƙofa da yatsa, ka duba fikafikan fanka, ramin da tagar gilas ke gudu a ciki, bayan masai, da ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ka danna tafin hannu a kujerar da aka wanke ka ji ko ruwa na tasowa. Abin da ka gani ka faɗa a nan take suna tsaye da kayansu, su gyara kafin ka tura cikon kuɗin.